Idan Likita Da Nas Ba Sa Ga-Maciji

  

Ya ku 'yan uwana matasa, akwai hadisin Ubadatu bin Samit (RA) a cikin Sahihul Bukhari wanda muke karantawa a goman ƙarshe na Ramadan, sannan mu ajiye shi sai baɗi. Annabi (SAW) ya fito domin ya sanar da sahabbai wane dare ne Lailatul Ƙadri, sai mutum biyu suka kaure da jayayya, sai aka ɗauke sanin daren. Haƙiƙa ya yi musu fatan hakan ya zama alheri a gare su. To amma a lura: mutum biyu ne suka yi musun, al'umma ce baki ɗaya ta rasa sanin. Ban san wani wuri da wannan ma'ana take fitowa ƙarara kamar asibiti ba.

Mu da muke bakin ruwa mun san abin da zuwa asibiti yake nufi. Tun da aka kammala madatsar ruwan Kainji a 1968 tafki ya cinye garuruwa, mutanen gungu da na ƙauyukan Ngaski da Shanga da yawansu sai sun hau kwale-kwale, su sauka su hau babur, wani lokaci su ƙara da mota, kafin su ga ƙofar asibiti. Ba a tasowa sai ciwo ya ci ƙarfin maganin gida. Kuɗin da ke aljihun mai jinya kuwa na buhun albasa ne ko na shinkafa, ko kifin da aka sayar da gaggawa a kan araha. Duk kwana ɗaya da aka ƙara a gado, daga cikin wannan ɗan guzurin ake yankarsa.

Na taɓa jinyar mahaifiyar wani ɗalibina a wani asibiti da ba zan ambaci sunansa ba. Likita ya rubuta gwajin jini. Ma'aikacin ɗakin gwaji ya gama aikinsa tun kafin azahar, amma shi da likitan sun yi cacar baki a makon da ya gabata, don haka ya ajiye takardar a kan tebur, wanda yake so ya aiko. Likita kuma ya ce ba aikinsa ba ne bin takarda. Nas ɗin da ke ɗakin ta gaji da zama 'yar aike a tsakaninsu, ta ce da yaron: "Ɗana, je ka da kanka ka tambayo." Yaro bai san ƙofar ba, bai san sunan gwajin ba. Sai washegari da hantsi takarda ta iso, aka ga tsohuwa tana buƙatar ƙarin jini, alhali dangin da za su bayar sun riga sun bi jirgin yamma sun koma gida. Allah Ya yi da sauran kwananta, ta tashi. Amma sai da aka sayar da koma. Kuma babu ɗaya daga cikin ukun nan da yake ganin ya cuci kowa. Ukunsu na ga suna salla a kan lokaci.

Wannan ƙaramar gaba tana da uwa a sama. Shekaru ke nan ana ja-in-ja a Nijeriya tsakanin ƙungiyar likitoci ta NMA da gamayyar sauran ma'aikatan lafiya ta JOHESU, a kan tsarin albashi da kuma wanda ya cancanci shugabancin asibiti. Gwamnatin Jonathan ta kafa kwamiti ƙarƙashin Alhaji Yayale Ahmed domin ya sasanta su, amma a 2018 JOHESU ta shiga yajin aiki daga Afrilu har ƙarshen Mayu, a 2021 kuma likitoci masu neman ƙwarewa suka yi nasu daga Agusta zuwa Oktoba, a shekarar da kwalara ta addabi Arewa. Ba na cewa ba su da haƙƙi. Wanda ya kwana a tsaye a kan marasa lafiya, shi kaɗai a inda ya kamata a ce su biyar ne, albashi kuma ya makara, dole zuciyarsa ta yi kusa. Abin da nake tsoro shi ne yaron da ya fito daga makarantar jinya ko ta likitanci ya iso wurin aiki da gabar da ya gada, tun bai san abokin aikinsa ba.

A nan ne nake so ɗalibanmu na Islamiyya da suka shiga aikin lafiya su bambance abu biyu. Shari'a ta san ɗan Adam yana fushi, shi ya sa hadisi ya yi rangwamen kwana uku a ƙaurace wa ɗan uwa, bai yarda a wuce ba. Amma wannan rangwame na gaisuwa ne da sakin fuska, abin da yake tsakaninka da shi. Sakamakon gwaji, da bayanin da ake miƙa wa mai karɓar aikin dare, da sanar da likita cewa jinin mai naƙuda bai tsaya ba, waɗannan ba naka ba ne balle ka riƙe. Amanar mara lafiya ce, kuma mai zubar da jini ba ta da kwana uku. Ranar da jirgin ruwa ya kife kusa da Wara a watan Mayun 2021 aka rasa rayuka masu yawa, irin wannan rana ba ta yin sallama kafin ta zo, kuma ba za ta jira a shirya masu gaba ba.

Sai shugabannin asibiti. Al'adarmu ita ce a tara masu rikici a ofis, a ce kowa ya yi haƙuri, a yi musafaha, a shafa fatiha. Bayan mako guda wuta ta sake tashi, domin ba a taɓa abin da ya hura ta ba: wa ke da alhakin kai takarda, wa ke tsara aikin dare, me ya sa mutum ɗaya ne kullum yake aiki ranar salla, wa ya tsawata wa wani a gaban majinyata. Ku duba aya ta 9 a Suratul Hujurat; inda Allah Ya yi umarni da sulhu, a nan Ya haɗa shi da adalci. Sulhun da aka danne ƙaramin ma'aikaci don babba ya ji daɗi, ajiyar gaba ce kawai. Sau da yawa ma rubuta aikin kowa a manna a bango ya fi dogon wa'azi kashe fitina, duk da cewa ni mai wa'azin ne.

Akwai kuma mai kai-komo da zance, wanda yake shan shayi a ɗakin magani ya kwashe abin da aka faɗa ya kai ɗakin tiyata. Hadisin Abud Darda'i (RA) da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito ya fifita gyara tsakanin mutane a kan darajar azumi da salla da sadaka, ya kuma siffanta ɓata tsakani da abin da yake askewa. In kina aiki a irin wannan ɗaki, 'yar uwa, aka kawo miki abin da wance ta ce, ki tambayi mai kawowar ko ya duba ƙarin ruwan gado na uku.