Kwabon Giwa na Baba

Baba yana da wani gwangwanin taba da ba ya yarda kowa ya taɓa. A ƙarƙashin gadonsa yake ajiye shi, a gidanmu na Nima, can gangaren da ke kallon babbar kwatar da ta raba mu da Mamobi. Lambobin yaƙinsa suna ciki, da takardar sallamarsa daga soja, da wani kwabo na jan ƙarfe mai kauri, ya yi baƙi don tsufa, da hoton giwa a fuska ɗaya. Baba yana cikin sojojin Gwalkwas na runduna ta 82 da Turawa suka kwasa a jirgin ruwa a 1944, suka yi zango a Indiya kafin a tura su dajin Bama. A wata kasuwa can ya ba da kwalin sigari aka ba shi kwabon, don kawai ya ga baƙaƙen Larabci a jikinsa.

Rubutun nan ya hana ni sakat. A saman giwar akwai lambobi huɗu, kuma duk yadda na juya su 8121 nake gani. Na lallaɓi Baba ya ba ni aro, na kai wa malaminmu na allo. Ya daɗe yana dubawa a hasken fitila, sannan ya ce, "Ɗana, muna 1385 ne. Ko dai ba shekara ba ce, ko mai ita yana da nasa lissafin."

Shekarar 1965 ke nan, kuma a watan Yulinta Kwame Nkrumah ya canja mana kuɗi. Aka ajiye fam da sule, aka kawo sidi da fesuwa. Sidi a bakin mutanen Akan wuri ne, abin da ya yi wa tsofaffinmu daɗi, don kalmar kuɗi ma jam'in wuri ce, kuma kakanninsu da shi suka sayi goro a Salaga. Amma lissafin ya ba da wuya. Sidi ɗaya sule takwas ne da kwabo huɗu. Sisi fesuwa shida ne, tsabar da aka buga kuwa ta biyar ce. Kullum safe sai an yi ka-ce-na-ce a gaban tukunyar kokon Inna kan wannan bambanci na fesuwa ɗaya. Soja suka kifar da gwamnati a Fabrairun 1966, bayan shekara guda suka fito da sabon sidi mai sule goma, babu hoton Nkrumah. Inna ba ta taɓa daina cewa sisi da taro ba har ta rasu.

Ganin an goge fuskar mutum daga kuɗi a kan idona shi ya mayar da ni ga giwar. Wani dattijo Ba'indiye mai kantin yadi kusa da kasuwar Makola ya warware mini. Ya ɗora kwabon a tafin hannunsa, ya ce na Tipu ne, in karanta lambobin daga dama. 1218.

Sauran labarin a littattafai na tsinta, sannu a hankali, bayan na fara koyarwa. Tipu Sultan ya gaji mahaifinsa Haidar Ali a mulkin Maisur, kudancin Indiya, a 1782. Wajen 1787 ya daina buga shekarar Hijira a kuɗinsa, ya kafa kalandar da ya kira Mauludi, tana ƙirgawa daga haihuwar Annabi (SAW), tana kuma bin zagayen rana. Ya sake wa watanni suna, ya ce a jera lambobi daga dama kamar yadda ake jera haruffa. Kwabon Baba na wajen 1790 ne. Dalilin Tipu na sauya kalanda sananne ne ga duk wanda ya taɓa noma: shekarar wata ta gaza ta rana da kusan kwana 11, haraji kuwa sai an yi girbi. Malaman hisabi namu ma da taurari suke gano damina, ba da Muharram ba. Duk da haka zuciyata ba ta taɓa kwanciya da wannan ba. Hijira ce ta haɗa lissafin almajirin Nima da na Musulmin Maisur, kuma da Tipu ya bar ta a kan kuɗinsa, da malaminmu ya karanta kwabon nan a kallo ɗaya.

Sunayen kuɗinsa kam na so su. Zinariya akwai Ahmadi da Faruƙi. Azurfa akwai Haidari, Imami, Abidi, Baƙiri, Ja'afari, har zuwa ƙaramar Khidiri. Jan ƙarfe, kuɗin talaka, ya ba shi sunayen taurari: Mushtari, Zahra, Bahram. Na kan tsaya in yi tunanin mace mai sayar da ganye a kasuwar Sirangapatam, babban birninsa, tana karɓar Zahra guda. Mutumin da ya zauna ya raɗa wa kowace tsaba suna yana faɗa wa Kamfanin Ingila na Gabashin Indiya ne cewa ƙasar nan da mai ita. Abin da Nkrumah ya nufa ke nan da wuri. Ba na kuma ɓoye wa ɗalibaina cewa mutanen Malabar da Kodagu har yau suna tuna Tipu da tsananin da ya gwada musu.

Baba bai damu da kalanda ko sunaye ba. Zancen soja ne ya sa ya gyara zama. Na gaya masa Tipu ya tsara dakarunsa runduna-runduna da taimakon hafsoshin Faransa, ya sa aka rubuta musu littafin horo mai suna Fathul Mujahidin, kowace runduna da masu harba roka. Rokokin bututun ƙarfe ne cike da albarushi, ɗaure a jikin gora ko takobi. Ya tambaye ni nisan tafiyarsu. Na ce wajen kilomita 2. Ya rufe ido yana aunawa, ya ce, "Kamar daga nan zuwa asibitin soja na 37. A wancan zamani!"

Sai na faɗa masa ƙarshen. Ran 4 ga Mayu 1799 sojojin Ingila suka fasa ganuwar Sirangapatam, Tipu ya mutu yana yaƙi a bakin ƙofa. Kalandarsa ta tsaya nan. Rokokin kuwa aka kwashe su zuwa Ingila, William Congreve ya gina nasa a kansu.

Baba ya yi shiru. Shi da ya yi wa Ingila yaƙi a Bama, ya kuma ji ƙarar bindigar da ta kashe Saje Adjetey da abokansa biyu ran 28 ga Fabrairu 1948, lokacin da tsofaffin soja suka nufi fadar gwamna a Osu neman haƙƙinsu. Can ya buɗe gwangwanin, ya fitar da kwabon daga cikin lambobin, ya naɗe shi a ƙyalle daban, ya miƙo mini. "Malam ƙarami, riƙe wannan a gafakarka. Kada ka sake haɗa shi da waɗannan."