Mutanen Batek da Kukan Tsuntsaye

A wannan wata za mu tafi nesa, zuwa ƙasar Malesiya a gabashin duniya. A can akwai wani babban kurmi da ake kira Taman Negara, wanda hukuma ta keɓe tun 1939. Girmansa ya fi murabba'in kilomita 4,000. Cikinsa da kewayensa ne wata ƙaramar kabila take zaune, sunanta Batek.

Mutanen nan sun saba da zaman daji. Mata su haƙo doyar daji, maza su hau itace su ɗebo zuma. Da bututun gora suke farauta, su hura 'yar kibiya mai dafi ta sami biri a can bisa. Abin da aka samo kuwa, sai a raba wa dukan zango.

Cikin kurmi irin wannan ido ba ya gani da nisa, saboda duhun itatuwa. Don haka kunne shi ne jagora. Mu da muke zaune a fili mukan ga tsuntsu kafin mu ji shi. Su kuwa da murya suke sanin yawancin tsuntsayensu. Akwai manyan 'yan'uwan cilakowa, akwai kuma wani mai dogon bindi da Malayawa suke kira kuwau, domin haka kukansa yake.

Suna da wata kalma, ha'ip. Ma'anarta ta yi kusa da bege ko kewa. Mutum yana tafiya sai ya ji kukan wani tsuntsu, nan da nan ya tuna da tsohon zango, ko da wani nasa da ya rasu. Wannan shi ne ha'ip. Haka kuma in an busa sarewar gora, ko an kaɗa bambaro irin wanda muka sani a nan. Sautin ba shi da ƙarfi, amma yakan taɓa zuciya ƙwarai.

Abin damuwa shi ne, tun wajen 1970 ake ta saran kurmin da ke bayan iyakar Taman Negara, ana dasa gonakin kwakwar manja. Inda aka sare itatuwa, yawancin tsuntsayen kurmi sukan gudu. Tsoho ya koma wurin da aka haife shi, ya kasa kunne, ba ya jin muryar da za ta tuna masa da iyayensa. Yaransa kuma ba za su koyi sunan tsuntsun ba.