Wayoyin da Ke Kwance a Ƙasan Teku

Akwai wata taswira da kamfanin TeleGeography ke sabuntawa a intanet, mai nuna wayoyin sadarwa da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku. Nakan buɗe ta bayan isha'i, in yi ta bin layukan da yatsa. In an ce intanet, yawancinmu sama muke ɗaga kai, muna tunanin tauraron ɗan'adam. Ashe kusan duk saƙon da ke tsallaka nahiyoyi ta ruwa yake bi.

Gaɓar Afirka ta Yamma ce ta fi riƙe mini ido. Layukan suna gangarowa daga Fotugal, wasu su leƙa Dakar da Abidjan da Akara, har su sauka Legas. Layin MainOne ya fara aiki a 2010, Equiano na Google ya iso a 2022. A can zurfin teku, kaurin wayar bai wuce na tiyon ban-ruwa ba, kuma a kanta bankunanmu da kasuwanninmu suka jingina.

Ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyi huɗu suka lalace kusa da gaɓar Kwaddibuwa: WACS, MainOne, SAT-3 da ACE. Tura kuɗi ya gagara a wurare da yawa, masu POS suka zauna zugum. Gyaran ya ɗauki makonni, don sai jirgin ruwa ya je ya ciro wayar, a haɗa ta, a mayar.

Nijar kuwa babu layi ko ɗaya a kanta, tunda ba ta da teku. Saƙon mutumin Damagaram sai ya bi ta ƙasar maƙwabta kafin ya kai bakin ruwa.