Dokar da Ke Riga Alƙali Isa Fili

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin fili a Malumfashi ya san 'yan kallonmu ba a kai suke ba. Yaron da ke tallar rake a gefen layi ya kalli Firimiya ranar Asabar, ya kalli Laliga ranar Lahadi, ya kuma saurari sharhi a rediyo. Duk sabuwar dokar da aka fara aiki da ita a Turai, kafin mako ya zagayo ta shiga gidajen kallo, daga nan ta wuce teburin mai shayi. Wanda labarin ke iske shi a makare, abin takaici, shi ne mutumin da aka damƙa wa usur.

Shekara biyu ke nan ina sakataren 'yar ƙungiyarmu ta alƙalan wasa a gida. Kada sunan ya ruɗe ku, ba ofis, ba albashi. A cikinmu akwai malamin firamare, akwai tela, akwai mai gyaran babur, kuma kusan kowa manomi ne. Muna hura wasannin unguwanni, da gasar makarantu, da kofunan da masu hali ke sawa bayan kaka ko lokacin sallah. Wani sa'in a gayyace mu Ƙafur ko Bakori. Aikina shi ne rabon wasanni, da karɓar kuɗin wata, da bin masu gasa bashin kuɗin mota. Duk wannan mai sauƙi ne a kan aiki ɗaya: tabbatar da cewa dukkanmu doka iri ɗaya muke hurawa.

Da yawa suna zaton FIFA ce kaɗai ke tsara dokokin ƙwallo. A'a. Akwai wata hukuma mai suna IFAB da aka kafa tun 1886, ita ke riƙe da dokoki 17 na wasan. Hukumomin ƙwallon Ingila, Sikotland, Wales da Ireland ta Arewa kowacce na da ƙuri'a ɗaya, FIFA na da huɗu, kuma ba a canza doka sai an sami ƙuri'a shida cikin takwas. Sukan zauna a farkon shekara, abin da suka yanke ya fara aiki ranar 1 ga Yuli. Daga can sai ya gangaro Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Najeriya da Ƙungiyar Alƙalan Wasa ta ƙasa, sannan jihohi. Masu hura manyan wasanni ana tara su a yi musu bita. Mu da ke can ƙarshen layi, sai dai mu nema da kanmu.

To ku duba lokacin. Ranar 1 ga Yuli a wajenmu tsakiyar damina ce. Kowa na gona, ana fama da noma da neman takin masara, ba mai lokacin karatun doka. A watan Agusta Turai ta dawo wasa, 'yan kallo su haddace sabon tsari. Kafin a kai amfani gida a buɗe gasa, sun yi wata uku suna ganin abin da alƙalinmu bai taɓa ji ba.

Kuma canje-canjen ba kaɗan ba ne. A 2019 kaɗai an ce bugun gola ba sai ƙwallo ta fita daga yadi na 18 kafin ɗan wasansa ya taɓa ba. An ce wanda aka canza ya fita ta layin da ya fi kusa da shi. An ce idan masu tsaron baya uku ko fiye suka yi katanga, abokan hamayya su ba su tazarar mita ɗaya. An ce ana iya ɗaga wa koci kati. Har alƙali kansa ya daina zama kamar turke: idan ƙwallo ta buge shi ta shiga raga, ko ta koma ƙafar ɗaya ɓangaren, sai a tsayar a saki ƙwallo. A watan Maris na 2025 kuma, a Belfast, aka ce gola zai iya riƙe ƙwallo daƙiƙa takwas, alƙali ya ƙirga biyar na ƙarshe da yatsu a sama, idan ya wuce a ba da kwana. A da daƙiƙa shida ne, hukuncin kuma firikik ne wanda ba a ci kai tsaye.

A Turai rashin sanin irin wannan surutu kawai yake jawowa a jarida. A filin da ba shinge, ba 'yan sanda, alƙali kuma a bayan babur zai koma gida, magana ce ta lafiyar jiki. Na ga ranar da wani dattijonmu, wanda ya fara hura wasa tun ban iya tafiya ba, ya sa a maimaita bugun gola don ƙwallo ba ta fita daga yadi ba. Dokar da ya sani ya hura, kuma shekara da shekaru ita ce daidai. Fili ya ɗauki ihu, aka fara jifa da ɓawon rake da ledar ruwa, sai da muka kewaye shi muka fitar da shi. Wallahi ba jifan ne ya fi ƙona masa rai ba, yaran da ya koya wa ƙwallo ne ke ce masa ya koma gona.

Daga nan muka sa wa kanmu ƙa'ida uku. Ta farko, da zarar sabon littafi ya fito a manhajar IFAB, mu masu ɗan Turanci mu zauna mu juya canje-canjen zuwa Hausa, a ɗauki murya a tura ta WhatsApp, domin wanda ke gona ya saurara lokacin hutun rana. Ta biyu, kafin kowace gasa mu haɗu a fili da yamma mu gwada a aikace, a sa gola ya riƙe ƙwallo, kowa ya ƙirga mu gani. Ta uku, wadda ta fi kowace amfani, ba ma hura wasan farko sai an tara kociyoyi da kyaftin-kyaftin an karanta musu abin da za a bi.

A wannan zama ne ake raba gardama tun ba ta tashi ba. Misali, canji biyar da ake gani a talabijin tun 2020 ba dole ba ne a kowace gasa, masu shirya gasa ne ke rubuta adadin. Haka nan gasar da ta fara kafin Yuli tana da damar ƙarasawa da tsohuwar doka. Sannan mukan faɗa musu ƙarara cewa ba mu da VAR, duk wanda ya zana akwatin talabijin da hannu a iska, kansa ya zana wa.

Abin da ya fi wuya shi ne gaya wa babba cewa abin da ya sani ya canza. Ba na cewa, "Baba, ba haka ba ne." Sai in miƙa masa waya in ce, "Baba, ku duba mana wannan, Turawan nan sun sake taɓa doka." Shi zai saurara, shi kuma zai sanar da sauran a taro. Mu muna da data, su suna da abin da ba a saukewa a waya, wato yadda ake kwantar da fili da kallo ɗaya.

'Yan uwana ɗalibai, gasar sassa da muke yi a nan makaranta ma irin wannan rigimar ce ke ɓata ta. Kafin a buga ta gaba, ina roƙon daraktan wasanni na ƙungiyarmu ya tara kyaftin-kyaftin a karanta dokar da ake ciki, ko na rabin awa ne. Wanda kuma zai tafi hutu, ya nemi alƙalan garinsu ya taimaka musu da fassara. Doka ba ta fara aiki a Malumfashi ranar da aka sa mata hannu a Turai. Tana farawa ne ranar da alƙali da koci da kyaftin suka ji ta tare, da harshen da suke faɗa da shi.