Abin Da Ƙwai 60 Suka Koya Mini

A hunturun bara na haɗa akwatin ƙyanƙyasar ƙwai a gidana da ke Garun Mallam. Ƙwan kaza na bukatar zafi digiri 37.5 har kwana 21, ga shi kuwa sanyin dare a bakin magudanan ruwan Tiga ba ya wasa. Don haka na sayo na'urar daidaita zafi a Kano. Aikinta ta kashe fitilar ɗumama akwatin in zafi ya kai, ta kunna in ya sauka.

Ban dubi zanen da ke takardarta ba, wai ni malamin kimiyya. Na ja waya daga batirin sola kai tsaye zuwa fitila, ba ta ratsa na'urar ba. Fitila ta kwana tana ci. Da gari ya waye, ƙwai 60 sun dahu. Kuɗin makarantar 'yata ke nan!

Wani tsohon ɗalibina, mai gyaran injin ban ruwa, ya cire batir, ya sauya waya ɗaya. "Malam, ai ku kuka koya mana mu fara karanta umarni," in ji shi.

'Yan makaranta, matambayi ba ya ɓata. Ubangiji ya ba mu tawali'u.