Godiya ga waɗanda suka ɗauki nauyin shekarata

Alhamdu lillahi. Takardar karɓa ta iso daga Dakar, daga sashen koyon likitancin haƙori na Jami'ar Cheikh Anta Diop. Kafin in ɗaure kaya, wajibi ne in tsaya in yi godiya a bainar jama'a. Waɗanda suka cancance ta ba sa son a ambaci sunansu, don haka zan kira kowa da abin da na saba kiransa.

Na fara da Malam, tsohon malamin kimiyya da ya yi ritaya a Maradi. Na ci Bak a ɓangaren D, amma lisen da na yi ba shi da ɗakin gwaji, duk ilimin sinadaran da na sani a kan allo na gan shi. Malam ya dubi makina ya ce: "Ɗana, da wannan ba za ka yi gogayya da yaran ƙasashe goma ba. Ka shiga jami'ar nan ta gida ka gyara tushe tukuna." Haka na yi rajista a tsangayar kimiyya ta Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, wadda aka kafa a 2010, na zauna wa ilimin sinadarai da na halittu da fizik. A garinmu Tibiri wasu suka ce na zubar da shekara. Malam bai taɓa tanka musu ba. Bayan la'asar yake shimfiɗa tabarma a zaurensa ya bi darasin da ni, bai karɓi ko dala ba.

Malam, abin da ya fi komai tsaya mini a rai shi ne ranar da muka zo kan sinadarin fulorid. Duk ɗan Tibiri ya tashi yana ganin yayyensa masu jajayen haƙora, wasu da lanƙwasassun ƙafafu. Mun san an ce ruwa ne, amma yadda ruwa ke yin haka ba mu sani ba. Ku kuka warware mini. Farin ɓawon haƙori da ƙashi duk da sinadarin kalsiyam da fosfet aka gina su. Fulorid kaɗan yana ƙara wa ɓawon ƙarfi, shi ya sa ake sa shi a man goge baki. In ya yi yawa a ruwan da yaro ke sha lokacin da haƙoransa ke ginuwa a cikin dasashi, sai su fito da tabo, in abin ya daɗe ya shiga ƙashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka a miligiram 1.5 cikin kowace lita. Ruwan rijiyar burtsatsen da garinmu ya sha tun tsakiyar shekarun 1980 ya ninka wannan fiye da sau uku, har ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam ta FIDH ta fitar da rahoto a kan yaran Tibiri a 2002. Tun daga ranar na daina kallon darasin sinadarai a matsayin shingen da zan tsallake in wuce. Labarin gidanmu ne aka rubuta da alamomi.

Sai Kawu na Jiratawa. Ba shi da albashi, yana da fili ne a gonakin ban-ruwa, yana noman zogale da albasa. Kuɗin rajista, kuɗin fotokofi, kuɗin kabu-kabu, duk daga buhunan zogalen nan suka fito. Lokacin da albasa ta faɗi bai gaya mini ba, a bakin Inna na ji. Bai san abin da ake karantawa a tsangayar kimiyya ba, bai kuma tambaya ba. Abin da kawai yake cewa in na je gaishe shi: "Malaminka ya ce kana yi?" In na ce eh, sai ya sa hannu a aljihu.

Gwaggo a Bagalam ta ba ni ɗaki da tuwon dare, ta hana jikokinta kunna rediyo in ina karatu. Allah Ya saka da Aljanna.

Akwai kuma Likita, likitan haƙori, wanda ya bar ni in tsaya bayansa ranakun da ba ni da darasi. A wurinsa na ga cewa mutanenmu ba sa zuwa sai kunci ya kumbura, lokacin da babu abin yi sai cirewa. A wurinsa na fara ganin yaron da cutar noma ta ci wa leɓe, cutar da ke farawa da ƙurjin dasashi a bakin yaron da ba ya samun isasshen abinci. A Sakkwato akwai asibiti guda da aka ware mata tun 1999, amma sai a Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. Likita ne ya rubuta mini takardar shaida, ya kuma sa ni na sake rubuta takardar nemana har sai da ta yi masa. Ranka ya daɗe, na gode da tsananin.

Iyayena ba zan iya da su a takarda ba, sai dai addu'a. Duk wanda na manta, ya yafe mini.

Kawu ya ce kada in kuskura in yi masa zancen biya, to ban yi ba. Amma Kawu, haƙorin turmin nan da kuke ta cusa wa kanumfari kuna cewa sai na dawo in duba, ba zai jira shekara shida ba. Na riga na yi magana da Likita, yana jiranku ranar Litinin da safe.