Maganar da Kowa Ke Ji

A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, ciki har da Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, don a raba 'yan bindiga da masu kai musu rahoto. Wayar hannu ta koma fitila da agogo. Mu da abincinmu ke kan hanya, masu sayen masara da waken suya daga wannan kasuwa zuwa waccan, mun ji abin a jikinmu. In ka fita da asuba, gida ba za su san kana raye ba sai sun ji ƙugin motarka a ƙofa.

Ko da sabis ya dawo, zuciyata ba ta koma ta dogara da shi ba. Na ƙudurta sa rediyon magana a motata, babbar yayar oba-oba. Ba ruwanta da kamfanin waya, daga eriya zuwa eriya take tafiya. Kawuna, wanda ya tsufa a aikin sadarwa kuma yana da irinta a ɗakinsa, shi ya tsayar da ni. "Ɗana, takarda tukuna," in ji shi. Sai da na sami lasisi da lambar kira mai farawa da 5N, wato shaidar Najeriya a iska, sannan ya raka ni wurin mai gyaran wutar mota.

Yaron ya so ya jona ta a ramin kunna sigari ya huta. Kawu ya girgiza kai. Na'ura mai ƙarfin wat 50 takan ja wuta kamar amfiya 10 in ana magana, siririyar waya ba za ta ɗauka ba. Aka jawo kakkaurar waya tun daga batir, aka sa fis dab da kansa, don in waya ta goge da ƙarfe fis ya ƙone maimakon mota. Ita kanta na'urar aka ɗaure ta inda iska ke ratsawa, saboda tana ɗaukar zafi.

Eriya ce ta ci mana rana. Tsawonta rabin mita ne kacal, gwargwadon zangon megahaz 145 da muke magana a kai. Kawu ya dage sai a tsakiyar rufi, domin ƙarfen rufin shi ne rabin eriyar. "Baba, huda motar za mu yi?" yaron ya tambaya yana kallona. Na kau da kai, aka huda. Da mitar gwaji ta nuna ƙarfin na fita, ba ya komowa cikin na'ura, Kawu ya yi hamdala.

Hanya ce ta koya mini sauran. Wannan zango kusan iyakar ganin ido yake bi. In na tsaya a kan tudu wajen Sheme, Kawu na jina daga Ƙanƙara, amma da duwatsun Faskari sun shiga tsakani sai shuuu. Daga Sabuwa kuwa ko tari ba ya isa. A shingen jami'an tsaro ma eriyar ake fara kallo kafin fuskata, shi ya sa lasisin ke zaune a aljihun gaba. Ban ga laifinsu ba. A ƙasar da infoma ya hana kowa barci, dole a tambayi mai baki biyu.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne rediyon ba ta da sirri. Ƙa'idarta ta hana ɓoye magana, kuma duk mai na'ura, na gari da mugu, yana iya saurare. Don haka ba na faɗin inda na dosa, ko abin da na ɗauko, ko sa'ar da zan taso. Lambata nake faɗa, in yi sallama, in ce lafiya lau.

Kalmomin nan biyu ake jira. Da la'asar Inna kan aiki jikanta ɗakin Kawu ya zauna kusa da sifika. In ya ji muryata sai ya ruga da gudu, ita kuma sai a lokacin take sa wa tuwo gari.